Don Grimaldo, Mai Jan Kwale-kwalen Asabar

Kullum gari na wayewa, kafin matan San Cirilo su gama hura wuta, za ka tarar da Don Grimaldo Curitima tsugune a kwata, wando naɗe har gwiwa, yana kallon ruwa. Ba wanka ya kawo shi ba, ba kuma kamun kifi ba. Akwai wata sanda da ya kafa a gaɓa, jikinta duk tsagar wuƙa, da ita yake sanin ko kogi ya hau ko ya sauka. In ya gama da sandar sai ya jefa ɓawon ayaba, ya bi shi da ido har ya ɓace. Daga nan ya koma kan injin kwale-kwalensa, wannan tsohon peke-peke mai doguwar wutsiya da duk yankin nan aka san ƙararsa. Ya kwance fulogi, ya hura, ya goge da gefen riga. Fetur kuwa ba ya shiga tankinsa sai ya tace shi ta cikin wata tsohuwar hular ulu. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, lafiya da ciwo, rani da damina.

A wannan watan ya ajiye tuƙi. Ni Eleodoro Yaicate, maƙwabcinsa, kuma compadre ɗinsa tunda shi ya tsaya wa babban ɗana ranar baftisma, na ga bai kamata a bar abin ya wuce shiru ba. Gara ya ji yabonsa da kunnensa, ya yi min tsaki kamar yadda ya saba.

Wanda bai zauna da mu ba, ba zai gane abin da galan ɗin fetur yake nufi a nan ba. Ƙauyenmu yana ƙasa da garin Nauta a bakin kogi, kasuwa kuwa tana can sama a garin. Ayabarmu, rogonmu, garinmu da busasshen kifinmu, duk sai sun hau kogi kafin su zama gishiri da sabulu da littafin makaranta. Da galan yana sol goma sha uku a kuɗin ƙasarmu, kowa sarki ne. Kowane magidanci da injinsa, ranar Asabar a tashi kamar zuma, wannan ya wuce wancan yana ɗaga masa hannu. Sai galan ya zama sha bakwai. Muka yi gunaguni, muka saya. Ya zama ashirin da ɗaya. Ranar da mai sayarwa a kan jirgin mai ya ce ashirin da biyar, na ga wani ƙato ya zauna a kan jarkarsa kamar an yi masa mutuwa.

Mutane suna tambayata dalili, don sun san na yi yawo. Na yi aikin share daji a sansanin haƙar mai ina saurayi, na yi dako a manyan jiragen da ke sauka har birnin Manaus. Abin da na gano bai da yawa. Man yana fitowa daga ƙarƙashin dajin nan namu, amma ba a nan ake yanke masa farashi ba. Can wata ƙasa ake yankewa, da dala. In wasu da ba mu taɓa gani ba suka fara harbin juna, mu ne za mu biya. In kuɗinmu ya yi rauni, mu ne. In kogi ya janye har manyan jiragen mai suka kasa shigowa da cikakken lodi, mu ne dai. Sannan kowane hannu da galan ya bi ta cikinsa sai ya lasa. Farashi ya iya hawa, saukowa ce bai taɓa koya ba.

Gidaje suka shiga dabara. Matata Hermelinda ta kife tukunyar gas, ta aza mata kwandon albasa, ta koma itace. Janaretan makaranta ya yi shiru. Masunta suka daina zuwa tafki mai nisa, suka dawo kusa da gida inda kifin bai wuce tafin hannu ba. Tsofaffin filafilai da aka rataye a rufin ɗaki suka sauko. Duk wannan ana iya jurewa. Abin da ba a iya jurewa shi ne ganin nonon ayaba yana nuna, yana baƙi, yana ruɓewa a gaɓa, saboda kuɗin kai shi kasuwa ya fi kuɗinsa. A cikin wata huɗu gida uku suka ɗaure kaya suka koma birni. Waɗanda suka rage suka fara kallon juna, kowa yana tunanin wa zai bi baya. In ayaba ba ta isa kasuwa ba, San Cirilo ta tashi. Magana ke nan.

Sai wata Lahadi bayan an fito daga coci, Don Grimaldo ya zo da wata doguwar igiya a kafaɗa, ya yar da ita a gabanmu.

Ya ce, "Inji shida, baki shida, duk suna shan mai a kan hanya ɗaya. Ku kashe naku. Kowane gida ya kawo min gora ɗaya, irin ta lemo mai lita uku. In goruna suka kai shida, zan ja ku ku da ayabarku har Nauta, in dawo da ku."

Wilder Pacaya, wanda muryarsa ta fi injinsa ƙara, ya fashe da dariya. "Tsoho, galan biyu da rabi nake ƙonawa ni kaɗai. Kai da gora shida za ka ja gari guda? Ko addu'a za ka zuba a tankin?"

"Kai faɗa kake yi da kogi, shi ya sa," in ji Don Grimaldo. "Ni lallaɓa shi nake yi."

To, a nan ne wautarmu ta fito. Ba a kan lissafi muka ƙi ba, a kan girman kai ne. A wajenmu namiji shi ne wanda ya riƙe wutsiyar injinsa da hannunsa. A ɗaure maka kwale-kwale a bayan na wani, kana zaune hannu a cinya, ana jan ka kamar maraƙi? Wanda ake ja, ko injinsa ya mutu ko shi ya mutu. Haka muka tashi muka tarar. Asabar ta farko kwale-kwale uku kawai aka ɗaure, duka na mata, Don Grimaldo ya ƙara man daga aljihunsa bai gaya wa kowa ba. Mu maza muka tsaya a gaɓa muna yi musu sowa.

Ni kuwa har na fi Wilder taurin kai. Asabar ta uku na sayi fetur mai araha a hannun wani ɗan kasuwa da ya ratso ƙauye, na loda ayaba, na wuce su ina ɗaga hula. Da na nuna wa Don Grimaldo jarkar da safe, ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya ce, "Compadre, wannan rabinsa kalanzir ne, sauran kuma kogi ne aka sayar maka." Na ce masa baƙin ciki yake yi. Ban kai rabin hanya ba injina ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ja igiyar tayarwa har kafaɗata ta yi tsami. Ruwa ya juya ni, ya fara mayar da ni gida da baya, ni da ayabata, rana tana dukan tsakar kaina. Sai ga su sun ɓullo daga kwana, a hankali, jere kamar agwagwa da 'ya'yanta.

Mata suka saki guɗa. Wata ta ce, "A'a, Don Eleodoro, har ka sayar ka juyo? Kasuwa ta yi kyau ke nan!"

Don Grimaldo bai yi dariya ba. Ya rage wuta, ya jefo min bakin igiya, ya ce, "Ɗaura, compadre. Akwai wuri a baya." Ko kalma ɗaya bai ƙara ba, ranar ko bayanta. Da ya yi min ba'a, da na sami abin riƙewa. Na shiga Nauta a wutsiyar jerin, kuma tun daga ranar ban sake tayar da injina ranar Asabar ba. Maza suka ga ban mutu ba, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da gorarsa a ƙarƙashin riga kamar ya sato.

A bayan nan ne na ga aikin da idona. Mu duk tsakiyar kogi muke bi, inda ruwa ya fi ƙarfi, mu buɗe wa inji wuta. Shi kuwa gefe yake bi, yana manne da cikin kwana inda ruwa yake kwance, wani wurin ma ruwan da kansa yake juyawa ya tura ka sama. In damina ta cika daji, ya san ƙoramun yanke da ke ratsa cikin itatuwa, a shiga nan a fita can, an zubar da tafiyar awa guda. Akwai wurare uku da ba makawa sai an tsallaka ƙarfin ruwa. Da an iso sai ya ɗaga hannu, kowa ya ɗauki filafili, tsoho da tsohuwa, a yi ta tuƙi ana waƙa ana zagin juna har a haye. A dawowa kuwa inji a kashe yake rabin hanya, kogi ne yake kawo mu kyauta, ana zagayawa da ƙwaryar masato, abin shanmu na rogo, daga wannan kwale-kwale zuwa wancan. Na yi shekara hamsin ina hawa kogin nan, ban taɓa jin labarin maƙwabtana kamar yadda na ji shi a kan igiyar nan ba. An daidaita aure biyu a kanta. An sasanta rigimar kan iyakar gona da ta gagari kowa.

Kai ne, Don Grimaldo, mai kunnen da ke jin ciwon inji kafin mai shi ya ji. Hermelinda shaida ce, ta gan ka kana bi gida gida kana wanke wa masunta kafireta, in an miƙo maka kuɗi ka ce a ba ka kifi ɗaya, ƙarami. Kai ne ka riƙa ɗaure kwale-kwalen tsohuwar da ba ta da gora, in an yi magana ka ce nauyinta bai kai na hular Wilder ba. Shekara uku igiyarka tana tafiya, kuma a shekara ukun nan ba gidan da ya sake tashi daga San Cirilo. Ɗaya daga cikin ukun da suka tafi ma ya dawo.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ɓoye iya ɓoyewa, har ranar da ya gogi wani kututture da yaro ma zai hango. Ba abin da ya faru, amma da muka sauka ya kira mu ya ce ya gama. Ba zai ɗauki ran mutum talatin a kan idon da ke ganin hazo ba.

Hankalin kowa ya tashi. Inji yana nan, igiya tana nan, amma gora shida ba ta isa sai a hannun wanda ya san hanya. Maza huɗu suka miƙe, kowa yana cewa shi ne. Don Grimaldo ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Asteria ce za ta riƙe."

Doña Asteria Manuyama gwauruwa ce, ta ba hamsin baya. Tun da mijinta ya rasu ita kaɗai take su, kuma a shekara ukun nan ita take zama a goshin jirginsa da doguwar sanda tana auna zurfi. Ba mai yawan magana ba ce.

Wilder ya yi tsalle. "Haba tsoho! Mun haƙura an ja mu, yanzu kuma mace ce za ta ja mu? Me za mu ce a kwatar Nauta? Ni dai na kwance nawa."

"Kwance mana," in ji Don Grimaldo. "Na tambaye ku, ku huɗun nan: a gaban tsibirin biri, ta wane gefe ruwa yake juyawa in kogi ya sauka taku biyu?"

Suka yi ta kallon juna. Asteria tana gyaran taru, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ba ya juyawa. Sai ya sauka taku uku."

Duk da haka maza suka ƙi. Aka watse, gida huɗu sun ce ba su zuwa. In goruna ba su kai shida ba, ba tafiya, kuma kowa ya san in Asabar ɗaya ta faɗi, ta biyu ba za ta tashi ba.

Da Asabar ta zo na sauka kwata da sassafe. Asteria tana tsaye a bayan inji, gora uku a gabanta: tata, tawa, da ta Don Grimaldo, wanda ya zo sanye da farar rigar coci ya zauna a tsakiyar jirgi kamar baƙo. Ya yi mata alkawarin ba zai buɗe baki ba har Nauta. Muka jira. Rana ta fara ɗagowa.

Sai muka ji hayaniya daga sama. Matar Wilder ce take saukowa, gora a ka, nonon ayaba a kafaɗa, shi kuma yana bin ta yana cewa ta tsaya su yi magana.

Ta ce, "Yi maganarka da ayabar da ta ruɓe mana kafin igiyar nan. Ni na sare ta, ni na ɗauko ta, kai girman kai kawai ka kawo. In kana jin kunya, rufe fuskarka da hula ka shiga."

A bayanta mata huɗu, kowacce da gorarta, har da wadda gidanta bai taɓa ɗaurawa ba. Hermelinda ta tsaya tana tafa musu. Goruna suka zama takwas, abin da ba a taɓa samu ba. Mazan suka biyo baya ɗaya ɗaya, suna cewa wai sun zo ne su taimaka in abu ya ɓaci.

Aka tashi lafiya. Asteria ta bi gefe, ta manne da kwana, ta ɗaga hannu a inda ya kamata. Har muka iso bakin babban yanke, wanda Don Grimaldo yake shiga tun muna samari. Sai ta wuce shi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ihu ya tashi daga baya. "Ta wuce! Ke, kin bar hanya! Tsoho, yi magana mana, za ta ƙone mana mai!"

Na kalli compadre na. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya cire hula ya cusa gefenta a baki yana cizo. Amma bai yi magana ba. Na san shi shekara sittin, ban taɓa ganin ya yi aiki mai wuya kamar wannan shirun ba.

Bayan ɗan lokaci Asteria ta karkata wutsiyar inji, ta cusa mu cikin wata 'yar kafa tsakanin ciyayi da ba wanda zai ce hanya ce. Rassa suna share mana kai, birai suna zaginmu daga sama. Ruwa mai zurfi, kwance, baƙi kamar shayi. Kafin Wilder ya gama gunaguni sai ga haske, sai ga babban kogi, kuma rufin kwanon Nauta yana ƙyalli a gabanmu. Mun iso kafin manyan 'yan sari su gama karin kumallo.

Da aka ɗaure a kwata, Don Grimaldo ya cire hular daga baki. "Yanzu zan iya magana?"

"Yi, Don," in ji ta.

"Me ya sami nawa yanken?"

"Yashi ya cike shi, kuma wani ƙaton itace ya faɗi a tsakiya tun ambaliyar bana. Wannan kogi ne ya buɗe shi sabo. A wajen su na gano shi."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Ya juya wajen maza ya ce, "Kun ji? Da ni ne, da yanzu muna can cikin laka har ƙirji muna tura jirgi. Wilder, zo ka girgiza tankin nan." Wilder ya girgiza. Fetur ya amsa masa, da yawa. Ya sosa ƙeya ya ce ai shi da ma ya san wannan kafar, mantawa ya yi. Matarsa ta ɗora masa ayaba a ka.

Mun fara hawa matakala sai na ga Don Grimaldo yana tsaye, bai san inda zai sa kansa ba. Ashe duk shekarun nan a kwata yake zama yana gadin kayan mutane da jiragensu. Shekara arba'in da ɗaya yana zuwa bakin kasuwar Asabar, bai taɓa shiga ya zagaya ta ba. Hermelinda ta kama hannunsa na dama, na kama na hagu, muka hau da shi. Ya taya wuƙa bai saya ba. Ya yi musu da mai taba. Ya sha ruwan 'ya'yan itace mai ƙanƙara kofi biyu, ya ce ashe abin da muke yi ke nan muna barin sa a rana.

Mun gode, Don Grimaldo. Mun gode da igiya, mun gode da man da ka ƙara daga aljihunka kana zaton ba mu sani ba. Mun gode da ka san ranar sauka, ka kuma san wa za ka miƙa wa, ko da duk gari ya ce a'a. Farashin galan ba a hannunmu yake ba, kuma ban ga alamar zai dawo hannunmu ba. Amma ku mutanen ƙauyukan sama da na ƙasa, da kuke zaune kuna kallon amfaninku yana ruɓewa, kowa da injinsa a rufe da buhu, ku zo San Cirilo ranar Asabar ku gani. Ku nemi wanda ya fi ku sanin ruwa, namiji ne ko mace, ku miƙa masa gorarku, ku ɗaura.

An riga an sa masa ranar aikin ido a birni, watan gobe. Ya ce in ya warke ba zai karɓi injin ba. Yana dai so Asteria ta sake bi da shi ta sabon yanken nan, ya gan shi da kyau.